Ranar da Inna Ta Rabar da Guzurinmu a Daji

A al'ada ni ce zan koma gida wankan jego, amma haihuwa ta same ni a Kuala Lumpur ina tsakiyar rubutun digirina na uku, don haka gidan ne ya zo ya same ni. Mahaifiyata, wadda dukanmu muke kira Inna, ta sauka da akwati ɗaya na kayan sawa da biyu na kayan miya. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa, har da muciya da tsintsiya ba ta bari ba. Shirin da muka yi shi ne ta zauna ta riƙe min jaririya har in miƙa aikina a makaranta.

Har muka yi arba'in komai lafiya lau, domin akwai aikin yi. Ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta tsare ni sai na shanye. Da aka gama wanka na koma makaranta, sai gidan ya fara yi mata ƙunci. Muna hawa na goma sha tara ne a unguwar Sri Petaling, ita kuwa mace ce da a garinmu kafin rana ta take sai ta leƙa gida goma. A nan sai dai ta goya yarinya ta tsaya bakin taga tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa.

Wata Asabar na fito daga wanka na tarar ba ta cikin gidan. Na leƙa waje, sai ga ta a ƙofar maƙwabtanmu da kwanon ɗanwake, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. Na yi wuf na riƙe hannun. Na ce, "Inna, nan ba a haka. Kowa harkar gabansa yake yi." Ta ce, "Ba maƙwabta ba ne?" Na ce su ne, amma in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Shekarata uku a gidan, ban san ko su wane ne a bayan ƙofar nan ba, kuma a lokacin har ina ganin hakan wayewa ce. Inna ta juya da kwanonta muka koma ciki.

Daga ranar ta rage magana, ta rage cin abinci. Bayan mako biyu ta kira ni ɗaki ta ce, "Ki nema min jirgi. Ƙarshen watan nan zan koma." Ni kuwa wata huɗu cur ya rage min in gama. Na yi fushi, don ni ba ni da wuyar hawa, na shiga banɗaki na yi kuka. Rubutuna ya tsaya min a rai, amma abin da ya fi ci min rai shi ne a ce uwata ta zo gidana ta kasa zama.

Maigidana ne ya kawo shawarar mu kai ta kwanan daji. Mu dama mun saba tun kafin haihuwa. Wasu abokanmu mata da miji 'yan Jos ne suka koya mana. Da farko muna zuwa gandun dajin gwamnati inda za ka ajiye mota ka kafa tanti a gefenta, ga famfo ga banɗaki. Da muka goge sai muka riƙa shiga ciki, inda sai ka yi tafiyar ƙafa da kayanka a baya. Ina son abin ƙwarai. Ina son ƙamshin ƙasa bayan ruwa, da sanyin kogi a ƙafa, da yadda waya take daina kamawa kowa ya ƙyale ka.

Da ya gaya mata, yana durƙushe daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, Inna ta dube ni ta ce, "Wato a bar gida mai rufi, a tafi daji a kwana cikin ƙyalle? Gudun hijira muke yi?" Ya ce, "A'a Inna, camping ne, hutu ake zuwa." Ta ce boko dai bai yi wa wasu rana ba. Can sai ta tambaya, "Akwai ƙasa a wurin? Ƙasa ta takawa?" Ya ce akwai. Ta ce to a je.

Ni mutum ce mai tsari, har tsarin yakan yi min yawa. Kwana biyu za mu yi, mu uku manya, sai na raba guzurinmu leda leda: garin tuwo, shinkafa, busasshen kifi, mai, albasa, kowace leda na rubuta ranar da za a buɗe ta. Inna ta zauna tana kallona. Abu ɗaya ta dage a kai, sai an tafi da babbar tukunyarta da muciya da tsintsiya. Na ce, "Inna, mu uku ne fa." Ta ce tukunya ba ta yi wa gida yawa. Maigidana ba ya iya musu da suruka, haka ya ɗaure tukunyar a bayan jakarsa, tana ƙara duk taku ɗaya.

Daga inda muka bar mota zuwa masaukin tafiyar kusan awa guda ce a cikin kurmi, ba kanti ba mai talla. Na ɗauka Inna za mu riƙa jira, ashe ni za a jira. Ta karɓi yarinya ta goya, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta yi gaba. Da matsattsaku ya maƙale mata a idon sawu ban ji ihu ba, sai na ga ta shafa masa ɗan gishiri daga ƙullin bakin zaninta, ya faɗi. Ta ce masa, "Kai ma ka sha, Allah Ya ba ka wani."

Masaukin wani fili ne a bakin kogi, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Mun tarar da tanti shida. Akwai iyali guda 'yan Malay masu yawa, da wata tsohuwa a cikinsu, akwai samari da 'yammata 'yan China, akwai wani Ba'indiye da matarsa. Muka ɗaga musu hannu suka ɗaga mana, kowa ya ci gaba da sha'aninsa, kamar yadda na san ana yi.

Kafin mu kwance kaya Inna ta fito da tsintsiya ta share wurin tas, har da yayyafa ruwa. Maigidana ya fara kafa tantinsa kusa da namu, ita kuwa ba ta dube shi ba, ni ta ce wa, "Gaya masa ya ƙara gaba." Ya ƙara. Ta ce, "Can dai." Sai da ya kusa shiga cikin 'yan China sannan ta yarda nisan ya yi daidai tsakanin suruki da suruka. Ya fito da ɗan rishonmu na gas mai kai ɗaya, ta juya shi a hannu ta ce wannan na dafa shayin 'yar tsana ne. Ta je inda aka keɓe don hura wuta ta jera duwatsu uku. Shi da digirinsa na injiniya ya yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi na sa shi hawaye, har ta aike ni in ce masa ya duba ƙarƙashin wata bishiya da ta faɗi. Can ya samo busasshe, wuta ta kama nan take.

Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka shige tanti ni da ita da yarinya. Ruwan yana dukan rufin, Inna tana taɓa ƙyallen da yatsa tana mamakin yadda bai yoyo. Sai na ji tana yi wa jikarta waƙa ƙasa ƙasa, irin wadda ban ji daga bakinta ba tun ina ƙarama. Ban yi motsi ba don kar ta daina.

Da ruwan ya ɗauke, ita da kanta ta ce mu je mu miƙe ƙafa, za ta kula da yarinya. Akwai wani wuri a sama inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, sai muka nufi can. Rabon da in keɓe da mijina ba kukan jaririya tun kafin in haihu. Muka zauna kan dutse ƙafafunmu cikin ruwa, birai suna leƙenmu daga reshe, na watsa masa ruwa ya rama. Mun fi awa guda ba mu sani ba.

Tun daga nesa na jiyo ƙamshin daddawa ya cika dajin. Na ƙara sauri, domin miyar mutum uku ba ta irin wannan ƙamshi. Muna isowa na ga ledojina duka a buɗe, an ninke su an danne da dutse. Ta yau, ta gobe, ta jibi, ba wadda ta tsira. Babbar tukunya ta sha tuwo, shinkafar kuma an dafa ta da kifi a ƙaramar tukunyarmu. Can na hango Inna da goyo a baya, kwano a kowane hannu, tana sallama a bakin tantin Ba'indiyen nan. Ashe shi ne na ƙarshe, ta riga ta zaga sauran biyar. Kwanukanmu, farantanmu, har murfin tukunya duk sun tafi gidan mutane.

Na tare ta ina magana ƙasa ƙasa. Na ce, "Inna, me kika yi haka? Abincin kwana biyu ne fa! Ba kanti a nan, ba komai. Shayarwa nake, gobe me zan ci?" Ta ce, "Suna ganin hayaƙinmu, suna jin ƙamshinmu, sai in zauna in ci su zuba ido? Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu." Na ce su ba su ma san tuwo ba. Ta ce yau za su sani. Na juya wurin maigidana ko zai taya ni, sai na ga ya duƙufa yana gyara igiyar tantin da ba abin da ya same ta.

Muka yi magariba. Ni da Inna muka ci a cikin tukunya, shi kuma aka kai masa nasa a kofin shayi can inda yake. Ina ci ina huci, amma gaskiya tuwon ya yi daɗi, hayaƙin itace ya ratsa miyar. A raina na riga na yanke cewa da sassafe za mu naɗe kaya mu koma, tafiyar ta lalace, Inna kuma ta tafi ke nan.

Ban gama wanke hannu ba sai ga tsohuwar nan 'yar Malay da kwanonmu a rufe. Ta yi sallama, Inna ta amsa. Ta buɗe kwanon, gasasshen kifi ne da wani jan yaji. Sannan ta nuna hancinta, ta nuna tukunyarmu, ta yi wata tambaya. Aka kira maigidana ya yi tafinta da guntun Malay ɗinsa. Ya ce tana tambayar me ke wannan wari mai daɗi. Inna ta kwance ƙullin daddawa ta miƙa mata. Tsohuwa ta shinshina, ta ja da baya, ta fashe da dariya. Ta koma tantinsu da sauri ta dawo da wani dunƙulen abu mai ruwan ƙasa, wai belacan, nasu sinadarin miyar da ake yi da ƙananan jatan lande. Inna ta kai hanci, ta ce, "La'ilaha illallahu! Wannan ai ya fi namu." Su biyun suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Daga nan kwanuka suka fara dawowa, kuma babu wanda ya dawo wayam. 'Yan China suka kawo wani ɗan itace mai gashi-gashi wai shi rambutan cike da faranti da burodi a ledarsa, ɗaya daga cikinsu yana nuna min tambarin halal a jiki don hankalinmu ya kwanta. Wata yarinya a cikinsu ta ce ita ta ɗauka tuwon kayan zaƙi ne, madara ta zuba masa, miyar kuma ta sha da cokali. Da na fassara wa Inna sai ta riƙe haɓa ta ce, "Allah Sarki, marainiya." Ba'indiyen ya zo da shayi mai kauri a buta, ya tambaya ko akwai saura. Inna ta kankare masa ƙanzo, ta zaunar da shi ta nuna masa yadda ake yanko loma a lotsa ta da babban yatsa a ɗebo miya. Ya yi daidai a karo na uku, matarsa ta tafa masa.

Na tsaya gefe da jaririya a kafaɗa ina kallon uwata a tsakiyar mutanen da ba ta jin yarensu, tana ba da umarni kamar a tsakar gidanta. Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Shekara nawa ina zuwa irin wuraren nan, ban taɓa wuce ɗaga hannu da kowa ba.

Washegari kafin in gama azkar an aiko mana da nasi lemak a ganyen ayaba, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa. "Makan, makan," in ji jikar tsohuwar da ta kawo, wato a ci, a ci. Da hantsi na hango Inna da ƙawarta a bakin kogi suna wanke tukwane da yashi. Wannan na zuba Hausa, waccan na zuba Malay, kowace tana gyaɗa kai a inda ya dace. Suka dawo suka shimfiɗa tabarma, tsohuwar ta karɓi jaririya ta kwantar a cinya tana mammatsa mata ƙafafu. Inna da ko ni ba ta cika yarda in juya yarinyar yadda nake so ba, sai ga ta ta zuba ido tana murmushi.

Aka sake kiran tafinta. Tsohuwa tana so ta san yadda muke kula da mai jego. Inna ta fara bayanin ruwan zafi da ganye, tsohuwa ta buga cinya ta ce su ma haka, kwana arba'in da huɗu, da gashin ciki da ɗaure shi. Da magana ta fara zurfi maigidana ya ce wai yana jin kamar birai sun shiga tantinsa, ya tashi ya gudu. Suka ƙarasa da hannu, kuma da alama ba abin da ya ɓace musu.

Ranar nan ba mu ɗora tukunya don kanmu ba, amma ban taɓa ƙoshi a daji kamar ranar ba. Iyalin tsohuwar suka kawo kajinsu aka gasa a murhun Inna, ta barbaɗa musu yajinta. Da rana duk muka shiga kogi, Inna ta tattare zani zuwa gwiwa ta tsaya a ruwa tana tsokanata wai 'yar birni tana tsoron kifi. Ruwan sama ya sake zuwa da la'asar, muka cunkushe mu goma sha wani abu a ƙarƙashin rumfar leda ɗaya muna shan shayin Ba'indiye.

Da safiyar komawa aka yi sallama mai tsawo. Inna ta juye wa ƙawarta sauran daddawa da kuka, ita kuma ta ba ta dunƙulen belacan a naɗe cikin leda uku. Suka rungumi juna. Na ga tsohuwar ta riƙe hannun maigidana tana gaya masa wani abu tana ƙirga yatsu, shi kuma ya duƙa ya faɗa wa Inna. Ina can ina naɗe tanti, ban ji ba.

A hanya maigidana ya yi gaba da tukunya, aka bar ni da Inna. Wannan karon ni ke goye da yarinya. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na ce, "Inna, ki yafe min abin da na faɗa shekaranjiya." Ta ce ba komai, yunwa kika ji wa tsoro. Muka ƙara tafiya kaɗan. Na ce, "To maganar jirgin fa?"

Ta ce, "Ki bar shi tukuna. Baiwar Allahn nan za ta aurar da jikarta bayan wata uku, a wata unguwa wai ita Kampung Baru. Ta ce in zo in tuƙa musu tuwo, na ce zan zo. Ba zan fara ƙarya da tsufana a ƙasar mutane ba."

Na tsaya cak a kan hanya. Na ce, "Ke nan garin ya fara yi miki?" Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba, don ni ce 'yar fari. Ta ce, "Garin ai bai taɓa yi min komai ba. Ke ce kike jin kunyata."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ma ya shige ni. Hawaye suka zubo min, na baƙin cikin gaskiyar da ta faɗa da na murnar za ta zauna, duka a haɗe. Na ce, "Na daina, Inna." Ta sa gefen mayafinta ta share min fuska kamar wata 'yar shekara biyar, ta gyara min goyon da ya karkace. Ta ce, "To na ji. Ki kalli gabanki, wurin nan da santsi." Ta kama hannuna muka gangara.